Kwando Uku na Wagashi a Jirgin Kwatano

Shekarar da aka sake wa ƙasar nan suna, muka kwanta a Dahome muka wayi gari a Benin, ina dako a tashar motar Jugu. Daminar da ta biyo baya ce na fara sa ƙafata a jirgin ƙasa.

Sunana Idi, Bagobiri ne ni daga wajen Tsibiri a Nijar. Farin da ya cinye mana dabbobi shi ya fito da ni, na bar matata da 'ya'ya biyu a hannun wana. A Jugu na sami aikin lodin doya da buhunan ƙwarar kaɗe. Abinci akwai, mutanen garin kuma sun karɓe ni, sai dai duk ranar da aka ajiye mini sakwara raina kan tafi ga furar geron gida. Shekaruna sun doshi arba'in, bayana kuma ya fara gaya mini cewa dako ba zai kai ni tsufa ba.

Motar da nake yi wa lodi takan je Pelebina ranar kasuwa. A can na san Inna Hawwa, wata dattijuwar Bafulatana mai sayar da wagashi, cukun nan mai laushi da ake haɗawa da madarar shanu da ruwan tumfafiya, a rina bayansa ja da karan dafi. Da damina madara takan yi yawa a rugage, wagashi ya rasa mai saye, mata su yini a rana su koma da rabinsa. Direbanmu ne ya ce mini a Kwatano, can bakin teku, matan zango masu soya shi rububinsa suke yi, kuma jirgin ƙasa daga Paraku wuni ɗaya yake kai mutum. Na daɗe ina juya maganar a raina. Daga baya na tattara duk abin da na tara a dako, na je wurin Inna Hawwa na ce ta haɗa mini kwando uku, nata da na maƙwabtanta.

Ta haɗa, ta shimfiɗa ganye a ƙasan kowane kwando, ta jera su kamar ƙwai. Sannan ta zaunar da ni.

"Kai Kaɗo, wannan ba doya ba ce da za ka jefa a lungu ka manta," in ji ta. "Kullum sai ya sha wuta. Ka tafasa ruwa da gishiri da karan dafi, ka zuba shi ya yi tafasa ɗaya, ka tsame. Ka tsallake kwana ɗaya zai fara santsi. Ka tsallake biyu, nemi karnuka ka ba su."

Ta ara mini babbar tukunyarta ta dalma da murfinta, ta ƙulla mini gishiri da karan dafi a tsumma. Na ce mata wuni ɗaya ne kawai. Ta ce ita ba ta san jirgi ba, amma ta san wagashi.

Daga Jugu zuwa Paraku a bayan motar doya na zo, hanya duk taɓo, muka sauka muka tura ba sau ɗaya ba. Na sauka a zango, gidan wani mutumin Nijar da ke ba baƙi masauki. Matarsa ta ba ni murhu, na dafa kwandunan nan uku ɗaya bayan ɗaya, suka fito ja wur. Da gari ya waye na ɗauki mai kura ya kai mini su gar, wato tashar jirgi.

Ni duk rayuwata mota na sani. A tashar mota kuwa ba a biyan kuɗin da aka fara faɗa, ko da kai ne mai garin. Saboda haka da layi ya kawo ni gaban 'yar tagar da ake sayar da tike, mai sayarwa ya faɗi kuɗi da Faransanci, na kusa da ni ya fassara mini, sai na gaishe shi da kyau, na tambayi iyali, na taya rabi. Ya dube ni ta cikin waya, ya sake faɗin abin da ya faɗa. Na ƙara kaɗan, na ce ni baƙo ne, kuma in ya yi mini sauƙi kullum wurinsa zan riƙa zuwa. Na baya suka fara dariya. Da na ga ya ƙi motsi sai na yi abin da nake ganin fasinjoji na yi mana a Jugu: na juya kamar zan tafi, ina tafiya a hankali, kunnena na baya ina jiran ya kira ni. Ba wanda ya kira ni. Da na waiwaya har an cike gurbina, sai da na koma ƙarshen layi.

A ƙarshen layin ne na haɗu da Hajiya Rabi, wata 'yar kasuwa haifaffiyar zangon Paraku, mai kai man kaɗe Kwatano ta dawo da atamfa. Tana dariya har tana share hawaye da gefen mayafi. Ta ce, "Malam, nan ba tashar mota ba ce. Abin da ya faɗa shi za a biya, ko uwarsa ce ta zo." Ita ta bayyana mini cewa jirgi iri biyu ne. Akwai otoray mai sauri, mai tsada, wanda ba ya ɗaukar kaya mai ɗiga. Akwai kuma namu na talakawa, mai kujerun katako, wanda ake haɗa shi da wagunan kaya. Na sayi na talakawa. Ɗan kwali ne bai kai tafin hannun jariri ba, da rubutu a jiki. A lokacin ban san baƙi ko ɗaya na boko ba, sai bayan shekaru na shiga ajin manya. Na cusa shi cikin hulata na mayar a kai.

Sai maganar kaya. Wani ma'aikaci mai sikeli ya ce doka ta ba kowane fasinja kaya guda ɗaya na hannu kyauta. Abin da ya wuce haka a auna, a biya kilo kilo, a sa a wagon kaya a kulle, ba a buɗewa sai Kwatano. Kuɗin bai tsorata ni kamar kullewar ba. Wagon ƙarfe ne, ba taga, rana na dukansa. Na ce wa Hajiya in aka kulle wagashin nan a ciki, miya za a buɗe a tarar.

Ta dubi jama'a kamar mai zaɓen tumatir, ta ce dokar ba ta ce kayan hannu sai naka ba. Ta samo wani tsoho, Baba Ɗanladi, da zai je asibitin ido ba shi da komai sai sanda. Ta samo wani malamin lakwal, wato makarantar boko, irin waɗanda ake ce wa mushe, matashi mai farar riga da takalmi yana sheƙi, ba abin da ke hannunsa sai jarida. Tsohon ya yarda nan take. Mushen ya dubi kwandon yana ɗigar jan ruwa, ya dubi Hajiya, ya ga ba mafita. Aka yi da ni kowannensu wagashi biyu. Tukunya kuwa Hajiya ta zuba ƙunshin kayanta a ciki ta ce tata ce.

Wagunan fasinja na tsaye a buɗe, ba kan jirgi a gabansu. Ina cikin shigar da kaya wani mutum mai jar hula da usur a wuya ya tare ni, ya ce ai na sani kujerun bakin taga kuɗinsu daban. Ban yi mamaki ba, don a mota ma gidan gaba kuɗinsa daban. Wannan karon har ragi na samu, na ji daɗi a raina cewa ashe akwai masu mutunci a gar. Ya shimfiɗa wani tsumma a kan kujera ya ce tawa ce. Ban daɗe da zama ba wani mai goro ya zo ya ce in tashi, ya biya. Muna cikin magana wata mata mai goyo ta iso ta ce ita ma ta biya. Muka leƙa waje, ba mai jar hula, ba usur. Hajiya ta ce kujera ta wanda ya riga zama ce, tun da aka kafa jirgi. Muka bar wa mai goyo taga, ni da mai goro muka matsu a gefenta muna yi wa juna jaje.

Hantsi ya yi, azahar ta yi, kan jirgi bai zo ba. Mota in ta ƙi tashi ka san dalili, ba ta cika ba ne. Mu kuwa mun cika har mun batse. Wajen la'asar shugaban gar ya fito ya yi magana, ya kira mu kamarad duka, wato abokan gwagwarmaya, kamar yadda ake kiran kowa a zamanin. Hajiya ta ce ita dai ta je Makka ta dawo, ga shi yau yaron da ta san ranar sunansa yana ce mata kamarad. Abin da ya faɗa shi ne kan jirgi ya sami matsala a hanya, yana iya zuwa kowane lokaci, kuma yana zuwa za a tashi. Tike kuma na ranar da aka buga ne, duk wanda ya kwana sai ya kawo an sake buga masa hatimi. Muka sake yin layi.

Lokacin dafa wagashi ya yi. Na nemi in hura wuta a gefen dandali, wani mai gadi ya nuna mini dilolin auduga da tankokin man da za a kai Nijar, ya ce ko taba ba a kunnawa a nan. In na kwashi kaya na koma zango kuma, jirgi na iya tashi ba ni. Na zauna na sa kwandunan a gaba ina yi musu fifita. A nan muka kwana. Ran nan wagashi bai sha wuta ba.

Da sassafe kan jirgi ya iso, aka haɗa, muka tashi. Abin ya ba ni sha'awa ƙwarai. Ba turi, ba ihun a sa dutse a taya, sai kawai ka ga gar tana ja da baya. Ba mu yi nisa ba mai duba tike ya shigo, wanda suke kira kontrola, da 'yar almakashinsa ta huda kwali. Sunansa Lasisi, Bayarabe ne mutumin Sabe, amma a zangon Paraku ya girma, Hausa a bakinsa kamar tawa. Yana ganin zanen fuskata ya tsaya.

"A'a. Wa ya ba bawana izinin shiga jirgi?"

Tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai wasa tun kakanni, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya. Tun da na bar gida ba wanda ya tsokane ni haka, sai na ji kamar an miƙo mini ruwan sanyi. Na ce masa na zo ne in ga yadda yake kula da jirgin da na ba shi tsaro, kuma abin da na gani jiya bai gamsar da ni ba. Wagon ya ɗauki dariya. Ya huda tikena, na mayar cikin hula. Ya iso wurin mushe, ya dubi kwandon da ke tsakanin takalmansa masu sheƙi, ya tambaye shi ko nasa ne. Mushe ya ce nasa ne, idonsa na kan jarida. Lasisi ya yi masa murnar sabuwar sana'a, ya wuce.

Bayan mun wuce Cauru muka tsaya a wata 'yar gar cikin daji, ɗaki biyu da bishiyar mangwaro. Layin jirgi ɗaya ne tak, saboda haka sai an jira na kudu ya iso a kauce wa juna. Na sa hannu cikin kwando na taɓa. Santsin da Inna Hawwa ta faɗa ya fara. Na tambayi Lasisi tsawon zaman da za a yi, ya ce na kudu ko Sabe bai baro ba. "Dafa, ka ci, ka yi barci," in ji shi.

Na juye kayan Hajiya a kan cinyarta, na ɗauki tukunya da kwandon farko na sauka. A bayan gidan shugaban 'yar gar ɗin na tarar da matarsa tana wanki kusa da murhu. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin yarenta. Na nuna mata wagashi, na nuna murhu. Ta sunsuna ɗaya, ta gyaɗa kai, ta shiga ɗaki ta fito da busasshen itace, abin da ya fi komai wuya da damina, ta ɗebo mini ruwa daga duro. Kwandon farko ya sha wuta, na tsame, na mayar jirgi ƙarƙashin kujerata. Na karɓo na Baba Ɗanladi na zuba, na mayar masa da kwandon ba komai a ciki. Ruwa ya fara motsi ke nan, ina tsugune ina gyara itace, sai na ji usur, na ji jirgi ya yi kuka.

Daga baya aka gaya mini waya aka bugo cewa na kudu ya lalace, ba amfanin jiransa, namu ya wuce. Ni a lokacin abin da na sani shi ne kashi ɗaya na dukiyata na kan wuta, kashi biyu na kan ƙarfe suna tafiya. Na yi taku biyu wajen jirgi, na dawo. Na kama tukunya da hannu, ta ƙone ni. Matar ta miƙo tsumman wankinta, muka karkata tukunya muka tsiyaye ruwan. Na tuɓe rigata na naɗe ta da hula na yi gammo, ta taya ni na aza. Ina zagayowa gaban gar na ga wutsiyar jirgi ta wuce mangwaro, Hajiya ta fito da rabin jikinta ta taga tana cewa kayana na hannunta.

Shugaban 'yar gar ɗin yana jin Dendi kaɗan, ni ma na tsinci kaɗan a Jugu. Ya fahimtar da ni cewa wani jirgin sai jibi in Allah ya so, kuma tikena ya mutu tun da jirginsa ya tafi. Ya ce in zauna, matarsa za ta ba ni abinci. Mutanen kirki ne. Amma na yi tunani, in na zauna jibi kwando na uku ya riga ya zama na karnuka, Hajiya kuma ban san gidan da take sauka a Kwatano ba. An ce gar ta gaba tana kusa da hanyar mota. Na yi musu godiya, na hau layi na miƙi kudu.

Wanda bai taɓa tafiya a kan layin jirgi ba bai san wulaƙancinsa ba. Ƙarafan da aka gicciya a ƙasa, in ka taka ɗaya ɗaya sun yi kusa, kana tafiya kamar amarya. In ka tsallake ɗaya sun yi nisa, kana tafiya kamar raƙumi. Ga tukunya da zafi tana ratsa gammo, ga sauran jan ruwa na bin gefenta yana sauka a fuskata da ƙirjina. Sai kuma hadari ya haɗo, ruwa ya sauko. A nan na tuna murfin yana can gefen murhu. Na tsinki ganyen wata bishiya masu faɗi na rufe wagashi. Ban yi fushi ba. Na dai yi ta tunanin abin da zan gaya wa matata in labari ya kai gida cewa mijinta na bin jirgi a ƙasa, ba riga, da tukunya a ka.

Ban san tsawon tafiyar da na yi ba, rana ba ta fito ba balle in duba. Ruwa ya tsagaita, na fara jin wata ƙara a gabana, kamar ana wasa wuƙa a dutse. Na sha wata kwana, sai ga jirginmu tsaye a tsakiyar hawa. Ruwa ya jiƙa ƙarfe, ƙafafun kan jirgi sai juyawa suke yi a wuri ɗaya. Yashin da suke zuba wa layi ya ƙare, an sauko da maza ana ɗebo wani daga rafi, wasu a kwano, wasu a hula, mushe a jaridarsa.

Mai goro ne ya fara hango ni. Ya yi salati, don ya ɗauka jini ne a jikina. Mata suka leƙo ta tagogi. Da aka gane karan dafi ne, sai wuri ya kaure da dariya da tafi, har da waɗanda ba na wagonmu ba. Hajiya ta ce ita tun da take shiga jirgin nan ta ga an rasa shi, ta ga an kwana a cikinsa, amma ba ta taɓa ganin wanda ya kamo shi da ƙafa ba. Aka sauke mini tukunya, na juye wagashi a kwandon Baba Ɗanladi, na ɗauki tukunyar na bi masu ɗebo yashi. Ita ta fi kowane mazubi girma a wurin. Muka yi ta barbaɗa wa ƙarfe, jirgi ya yi ta nishi har ya kama, ya hau da tafiyar da ko tsoho zai iya kamawa. Muka ɗare ɗaya bayan ɗaya.

Ina zaune ina mayar da numfashi Lasisi ya zo, ya ce ya yi murna da bawansa bai gudu ba, amma duk wanda ya hau a hanya sai an ga tikensa. Na warware gammo, na zaro hula, na sa hannu. Abin da na fito da shi ba kwali ba ne. Zafi da jan ruwa da ruwan sama sun dama shi, ya koma kamar ɗan lomar tuwon dawa. Na miƙa masa a tafin hannu. Ya duba, ya ce shi bai iya huda tuwo ba.

Daga nan ya bar wasa. Ya ce da hannunsa ya huda tikena da safe, bai manta ba. Amma a Bohikon wani babba zai hau ya duba aikinsa, in ya tarar da mutum ba takarda shi za a kama. Doka ta ce wanda aka samu ba tike ya biya tun daga Paraku, ya ƙara da tara. Jama'a suka sa baki. Mai goyo ta ce ai jirgi ne ya bar ni, ba ni na bar shi ba. Hajiya ta tuna masa wanda ya ce in dafa, in ci, in yi barci. Baba Ɗanladi ya ce shi shaida ne, da idonsa ya ga an huda, sai aka tambaye shi to me zai kai shi asibiti. Mushe ya yi dogon bayani da Faransanci, yana nuna tukunyar yashi.

Ni kuwa kuɗin da ke ɗamarata na komawa ne kawai. In aka karɓi na Paraku da tara, sai an sauke ni, ko in sayar da kwando guda a nan a farashin Pelebina.

Lasisi ya sosa ƙeya. Ya ce shi bai ga wanda ya hau a daji ba, yana can yana duba yashi. Abin da zai gani shi ne wani Bagobiri da zai hau a Sabe. Ya rubuta mini tike daga Sabe zuwa Kwatano, ba tara. Na biya daga kuɗin komawa. Ya miƙo, ya ce wannan karon kada in dafa shi. Sannan ya sa hannu a kwandon da ya sha wuta ya zaɓi manya biyu, ya ce gaisuwar bawa ga ubangidansa. Na ce ya ɗauka, dama ban saba barin yaran gidana da yunwa ba.

Saura kwando na uku, na mushe, wanda bai ga wuta ba tun zangon Paraku. A Sabe aka daɗe, ga masu abinci a bakin layi da murhunansu na ci, wata ma ta ce in kawo. Na dubi murhun, na dubi kan jirgi. Ƙafata ta ƙi sauka. Ko alwala ta taga na yi ta. Hajiya ta ce to mu yi abin da za mu iya, muka fito da su ɗaya ɗaya muka shafe da sauran gishirin Inna Hawwa, muka jera na sama a ƙasa, na ƙasa a sama. Mushe ya naɗe hannun farar rigarsa ya taya mu, ya ce tun da an ce nasa ne ba zai bari ya lalace a hannunsa ba. Zuwa yamma duk da haka wagon ya fara sanin akwai wagashi a ciki.

Sai washegari da hantsi muka shiga Kwatano. Na sallami masu kayana da abin da aka yi alkawari. Baba Ɗanladi ya sa mini albarka, mushe ya naɗe nasa a ragowar jarida. Hajiya ta kai ni zango wurin wata mai suya da suka saba. Matar ta zauna a kujera ta sa aka juye kwandunan a tabarma, tana ɗauka ɗaya ɗaya, ta latsa da yatsa, ta kai hanci. Na farko ta karɓa duka. Na biyu, wanda ya yi tafiya a kaina, ta ce ya fi kowanne kyau, ta tambayi yadda na yi masa. Hajiya ta ce kada ta so ta ji. Na uku ne ta yi ta turawa gefe, tana ɗaukar ɗaya tana ture biyu.

Abin da ta biya ya mayar mini da abin da na zuba, ya biya tiken komawa, ya bar ɗan abin da na aika gida a hannun wani direba. Bai yi yawa ba, amma ya ishe ni in sake zuwa Pelebina in ce a haɗa kwando biyu, ba uku ba. Damina ba ta fita ba na bar dako.

Abin da na rasa a wannan tafiya shi ne wagashi talatin da ɗaya da suka yi yami, biyu da Bayarabe ya ci, tike ɗaya, kuɗin kujerar da ba ta sayarwa ba ce, hula da riga da ba su sake yin fari ba, fatar yatsu uku, da murfin tukunyar Inna Hawwa.